Ƙurajen leɓensa ne suka sauko mini, ko cin amanata ya yi?

Anti, barka da aiki. Watanmu bakwai da aure. Kwanakin baya maigidana ya yi zazzaɓi, da ya ji sauƙi sai ƙuraje suka fito masa a gefen leɓe, irin waɗanda kan fito wa mutum bayan zazzaɓi. Ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Sun fara bushewa muka sadu, kuma cikin wasanmu yakan yi mini da baki. Bayan kwana biyar na fara jin ƙaiƙayi da raɗaɗi a gabana, ƙuraje masu ruwa suka fito suka farfashe, fitsari ya zama azaba, ga kaluluwa ga zazzaɓi. Likita ta duba ta ce hapis ne, wai ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa, ta rubuta mini magani. Anti, ni ban taɓa sanin namiji ba sai shi. Na tuhume shi, ya rantse bai taɓa kusantar wata ba, kuma shi babu ko ƙurji ɗaya a gabansa. Har ya fara tambayata to ni a ina na samo. Yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Shin ana ɗaukar wannan ciwon ta baki? Zan warke? Zan iya haihuwa lafiya?

Daga wata baiwar Allah

Ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

E, ana ɗauka ta baki. Kuma yadda kika jero labarin nan, daga zazzaɓinsa zuwa ƙurajen leɓe, zuwa wasan da kuka yi, zuwa kwana biyar ɗin da suka biyo baya, kusan haka littattafan likitanci suke bayyana shi. Yana yiwuwa ƙwarai ke kina da gaskiya, shi ma yana da gaskiya, babu wanda ya ci amanar wani. Laifin da na gani a nan na taƙaita bayani ne: an ce miki "ta hanyar saduwa ake ɗauka" aka yi shiru, aka bar ki ki ƙarasa sauran da zuciyarki.

Ƙwayar bairas ɗin da ke kawo hapis iri biyu ce, a takardar asibiti za ki ga an rubuta HSV-1 ko HSV-2. Ta biyun ita ce wadda aka fi sani da zama a al'aura, kuma kusan ko yaushe ta saduwa take wucewa. Ta farkon kuwa ita ce mai fitar da ƙurajen leɓe, waɗanda kowa ya taɓa gani a bakin wani bayan zazzaɓi ko mura. Yawancin masu ita tun suna yara suka same ta, ta sumbar iyaye da 'yan'uwa ko ta yawun wani yaro a wurin wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita, wato kashi 64 cikin ɗari. Kin ga ke nan masu ita sun fi marasa ita yawa. Mijinki na iya kasancewa yana tare da ita tun bai yi wayo ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ita wannan ta leɓen ba ta da wani alkawari da leɓe. Fata mai laushi da danshi take nema, ko ta baki ce ko ta gaba duk ɗaya ne a wurinta. In leɓen da ke ɗauke da ita ya taɓa al'aurar wanda jikinsa bai taɓa haɗuwa da ita ba, sai ta shiga ta nan, ta yi zamanta a nan. A ƙiyasin hukumar na shekarar 2020, mutum miliyan 376 masu shekara 15 zuwa 49 suna da HSV-1 a al'aura, miliyan 520 kuma suna da HSV-2. A Amurka da ƙasashen Turai da dama, HSV-1 ce ma ta zama kan gaba wajen haddasa sabon hapis na al'aura a tsakanin matasa, domin yara ba sa ɗaukarta da wuri kamar da, sai su girma babu garkuwa, su fara haɗuwa da ita a shimfiɗa. Mata kuma sun fi saurin kamuwa, saboda fatar gabansu ta fi laushi kuma ta fi faɗi.

Kin ce ƙurajen sun fara bushewa. A nan aka samu kuskuren da kusan kowa ke yi. Ƙurji yana yaɗa ƙwayar tun daga ranar da mutum ya fara jin tsikari ko ɗan zafi-zafi a leɓe kafin komai ya fito, har zuwa ranar da ɓawon ya faɗi fata ta koma daidai. Bushewa ba warkewa ba ce. Bayan haka ma akwai ranakun da ƙwayar kan fito cikin yawu ko saman leɓe ba tare da wata alama ba, mai ita bai sani ba, babu abin da zai gani a madubi. Haɗarin ya fi yawa nesa ba kusa ba idan akwai ƙurji, amma rashinsa bai mayar da haɗarin sifili ba. Daga shigar ƙwayar zuwa fitowar ƙuraje yakan ɗauki kwana 2 zuwa 12, an fi ganin wajen kwana huɗu. Naki biyar ne.

Shi ya sa maganarsa ta cewa babu komai a gabansa ba ta karya taki ba, taki ma ba ta karya tasa ba. Ba a gabansa take ba, a bakinsa take.

Amma ba zan rufe ki ba. Daga wasiƙa ba zan iya rantse miki cewa HSV-1 ce ba, kuma likita ma da ido kawai ba ta iya rarrabe su, domin ƙurajensu iri ɗaya ne. Gwaji ne ke rarrabewa. Mafi inganci shi ne a goga auduga a kan sabon ƙurji a kai ɗakin gwaji, a yi wanda ake kira PCR, a kuma ce a bayyana nau'in. Yana son ƙurji ɗanye, cikin kwana biyun farko ya fi kyau. In naki sun riga sun warke, sai ki riƙe wannan a ranki: ranar da wani ya sake fitowa, ki je a ranar, kada ki jira ya bushe. Akwai kuma gwajin jini mai rarrabe nau'i, wanda ke neman sojojin da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar. Shi wannan yana da sharuɗɗa. Jiki kan ɗauki har mako 12 kafin sojojin su taru su bayyana, don haka yin sa da wuri na iya nuna babu alhali akwai. Kuma jini ba ya faɗin inda ƙwayar take zaune, baki ko gaba, ba ya kuma faɗin ranar da ta shiga. Amma a halinki yana da amfani: in bayan wata uku jininki ya nuna HSV-1 kaɗai babu HSV-2, to magana ta ƙare, ta leɓen ce. In aka ce za a yi miki wanda ake kira IgM, ki nemi a canza, ba ya rarrabe nau'i kuma yana yawan ruɗa mutane.

To in ya fito HSV-2 fa? Ko a nan ina so ki ja numfashi kafin ki yanke hukunci. Wannan tana nuna cewa wani a cikinku ya taɓa haɗuwa da ita ta saduwa, amma ba ta nuna yaushe ba. Tana iya kwanciya shekaru a jikin mutum ba ta taɓa fitar masa da ƙurji ko ɗaya ba, kuma mafi yawan masu ita ba su san suna da ita ba. Tana iya zama tsohon labari ne na kafin aure. Wannan wata tattaunawa ce dabam da za ku yi, amma ba hujjar cewa an ci amana cikin watanni bakwai ɗin nan ba ce. Gwajin jini na HSV-2 ma yakan yi ƙarya wani lokaci idan adadin ya fito ƙasa-ƙasa, sai an sake tabbatarwa.

Ku je tare. Ina nufin ku zauna gaban likita ku biyu, ya ji da kunnensa, domin abin da za ki faɗa masa a ɗaki ya ɗauka kare kai ne, in ya ji daga bakin mai farar riga zai shige shi. Kuma ki faɗa wa likitar maganar ƙurajen leɓen da ta wasan baki. Na lura a wasiƙarki ba ki ce kin gaya mata ba, ina kuma zaton kunya ce ta hana. Da ta ji wannan, da wataƙila bayaninta ya canza tun ranar. Za ta iya cewa a yi muku gwajin tunjere da na HIV. Kada ɗayanku ya ɗauki hakan zargi, ƙa'ida ce ga duk wanda ya zo da miki a al'aura, domin tunjere ma yana fitar da miki kuma shi ma ana ɗaukarsa ta baki, sai dai nasa yawanci ba ya zafi.

Yanzu tambayar warkewa. Ƙurajen za su warke, fata ta koma yadda take, yawanci ko tabo babu. Ƙwayar ce ba ta fita. Da zarar ta shiga sai ta bi jijiya ta je ta laɓe a wani kulli na jijiyoyi: ta leɓe tana kwana kusa da gindin ƙwaƙwalwa, ta al'aura kuma a ƙasan ƙashin baya. A can magani ba ya kai mata, sojojin jiki ma ba sa iya fitar da ita. Lokaci-lokaci, in jiki ya yi rauni, sai ta biyo jijiyar ta dawo fata. Zazzaɓi, gajiya, damuwa, jinin al'ada, zafin rana ga masu ta leɓe, duk suna tashinta. Abin da ya faru da maigidanki ke nan bayan zazzaɓinsa. Har yau babu maganin da ke kawar da ita daga jiki, babu kuma allurar rigakafinta. Duk wanda ya ce miki yana da maganin da zai wanke ta tas, kuɗinki yake so. Kuma kasuwarsu tana ci ne saboda ciwon da kansa yake lafawa, sai mai magani ya karɓi yabo.

Na san wannan sakin layin ya yi miki nauyi, to ga mai sauƙin. Abin da kika sha a karon farko shi ne mafi tsanani, da wuya ki sake ganin irinsa. Karon farko kan kai mako biyu zuwa huɗu, da zazzaɓi da kaluluwa, domin jiki bai san baƙuwar ba. Na baya ƙanana ne, 'yan kwanaki su wuce. In kuma HSV-1 ce, to al'aura ba gidanta ba ne, ba ta sakewa a can. Mai HSV-2 kan ga dawowa kamar sau huɗu a shekarar farko. Mai HSV-1 a al'aura kuwa kamar sau ɗaya, daga nan sai ta yi ta ja baya, wasu ma ba sa sake ganinta har abada. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Washington aka wallafa a 2022 ya bi mutanen da suka kamu da HSV-1 a al'aura, ya ga cewa a wata na biyu ana samun ƙwayar a fatarsu a kusan kashi 12 cikin ɗari na ranaku, zuwa wata na goma sha ɗaya ta sauko kusan kashi 7. Kullum raguwa take.

Maganin da aka ba ki, ina tsammanin asaikulobir ne, wanda wasu suka sani da Zovirax, ko ɗan'uwansa balasaikulobir, wato Valtrex. A karon farko ana sha kwana 7 zuwa 10, ki shanye ko da kin ji sauƙi. Aikinsa hana ƙwayar hayayyafa, sai ƙurajen su yi saurin warkewa. In ta dawo, amfaninsa yana cikin saurin farawa, tun ranar da kika ji tsikarin farko, don haka ki tambayi likita ko za ta rubuta miki na ajiya. Masu yawan ganin dawowa akan ɗora su kan shan sa kullum, amma mai HSV-1 ba kasafai take bukatar haka ba. Antibayotik ba ya taɓa bairas, kada ki wahalar da cikinki. Don raɗaɗi, farasitamol, da zama cikin ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, da zuba ruwa a wurin yayin fitsari, da sa kamfai na auduga mara matsewa. Kada ki shafa man bilicin ko wani mai mai sitiroyid, kada ki zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai zafi, kada ki cusa komai. Ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika taɓa wurin, musamman kafin ki taɓa ido, domin hapis a ido yana iya lalata gani. Idan fitsari ya ƙi fita sam, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da sanƙarewar wuya, wannan na asibiti ne a take.

Ba a ɗaukarta a bakin masai, ko a bokitin wanka, ko a zanin gado. Ba ta daɗewa a waje da jiki, sabulu kuma yana kashe ta. Kada ki ware kwanonki.

Maganar haihuwa ita ce na fi so ki natsu a kanta. Hapis ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya toshe mahaifa. Abin da ake tsoro shi ne jariri ya haɗu da ƙwayar a hanyar fitowa, domin a jikin sabon haihuwa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, tana iya kisa. Abu ne da ba ya yawan faruwa, kimanin haihuwa 10 cikin dubu ɗari a duniya. Kuma wadda ta fi shiga haɗari ba irinki ba ce. Ita ce macen da ta kamu a karon farko a watanni ukun ƙarshe na ciki, jikinta bai samu lokacin ƙera sojoji ya miƙa wa jaririn ta mabiyiya ba. A irin wannan hali yiwuwar jariri ya ɗauka kan kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Wadda ta kamu tun kafin ciki kuwa, nata bai kai kashi ɗaya ba. In Allah ya kawo rabo, ki faɗa musu tun ranar awon farko. Akan fara ba mace asaikulobir daga mako na 36 don kada ƙuraje su fito lokacin naƙuda, in kuma suka fito a ranar, sai a yi aiki a ciro jaririn. In babu komai, ki haihu da kanki. Idan akwai yiwuwar kina da ciki yanzu haka, ki gwada, ki sanar da likita a wannan makon.

Bari in ɗan juya ga sauran masu karatu, don wannan ya shafe su fiye da ke. Mace mai ciki wadda ba ta taɓa yin ƙurajen leɓe ba, mijinta kuwa yana yi, ta haƙura da wasan baki a watanni ukun ƙarshe gaba ɗaya, ko leɓensa ƙalau yake. Kuma duk mai ƙurji a leɓe, uba ne ko kaka ko 'yar barka, kada ya sumbaci jariri.

Sauran zaman ku fa? In ta tabbata HSV-1 ce, akwai wani sauƙi da mutane ba sa tsammani: da wuya ƙwarai ki mayar masa da ita a gabansa, domin jikinsa ya daɗe da sanin ta, yana da garkuwa. Ku biyun yanzu abu ɗaya kuke ɗauke da shi, shi a sama ke a ƙasa. Abin kiyayewa kaɗan ne. Ranar da ya ji tsikari a leɓe, babu sumba babu wasan baki sai fata ta koma daidai. Ranar da kika ji naki, a dakata da saduwa sai kin warke sarai, ko don kada gugar ta ƙara miki ciwo. Kwaroron roba yana rage haɗari amma ba ya rufe duk fatar da ƙwayar ke iya fitowa, kuma ga ku da kuka riga kuka yi tarayya a nau'i ɗaya ba shi ne abin dogaro ba. In HSV-2 ce kuma aka ga ɗayanku ba shi da ita, nan ne kwaroron da shan magani kullum suke da muhimmanci: an nuna a wani babban gwaji da aka wallafa a 2004 cewa shan balasaikulobir kullum yana rage yaɗa ta ga abokin zama da kusan rabi. Wani abu kuma, ba kowane miki a baki ne hapis ba. Ƙananan fararen gyambunan da kan fito a cikin kunci ko ƙarƙashin harshe su yi ta zafi in an ci abinci, yawanci wani abu ne dabam, ba sa yaɗuwa. Na hapis a gefen leɓe suke taruwa, da ruwa a ciki, su fashe su yi ɓawo.

Game da shirun da ke tsakaninku, ra'ayina shi ne ke ki fara. Ba don ke ce mai laifi ba, sai don ke ce bayani ya fara iso wa. Kin tuhume shi a kan abin da kika sani a lokacin, duk macen da aka gaya wa abin da aka gaya miki haka za ta yi. Shi kuma tambayar da ya mayar miki ta yi muni, ya san ke wace ce, kuma ya kamata ya janye ta da bakinsa. Amma ki yi hattara da yadda za ki kawo maganar. In kika ce masa "ashe kai ka sa mini", kin sake buɗe shari'a ne da sabon laifi, zai kuma sake tsayawa kare kansa. Mutumin nan bai san ƙurajen zazzaɓi na iya yin wannan aikin ba, kamar yadda ke ma ba ki sani ba. Ki ce masa kin samu bayanin da zai iya wanke ku duka biyu, kina so ya raka ki asibiti ku ji tare. Ki miƙa masa wannan amsar ya karanta da kansa in kin ga baki zai yi nauyi. Kuma kafin sakamako ya fito, maganar ta tsaya tsakanin ku biyu da likita. In ta shiga kunnen dangi, gwaji zai iya wanke mutum a takarda amma ba zai bi gida-gida ya goge abin da aka riga aka ji ba.

Idan kun je, ku tambayi abu uku kafin ku tashi: wane nau'i ne, yaushe za a yi gwajin jinin da zai tabbatar, da kuma wane magani za ki ajiye a gida don ranar da kika sake jin tsikarin.